Zaman Sufeto

Laraba, da hantsi

An ce in zauna a gida har kwamiti ya neme ni. Na tashi kamar kullum, na goge takalmi, na ɗauki igiya. Sai da na kai bakin ƙofa uwar yara ta ce, "Ina zuwa kuma?" Na dawo na rataye igiyar.

Sufeto yana gareji. Sun ce karen da aka lalata wa horo ba shi da sauran amfani a wajensu, ko in tafi da shi ko a yi masa allurar ƙarshe. Na taho da shi. Tun yana ɗan kwikwiyo nake riƙe da shi, ni na koya masa aikin nan: ya bi layin manyan motoci a ƙofar tashar kaya yana shinshinawa, in ya ji kayan maye ya zauna. Ba haushi, ba tono, zama kawai. Direbobi ne suka sa masa Sufeto, wai in ya zauna a gindin motarka ka fara kiran 'yan'uwanka. Bai taɓa zama a banza ba, sai jiya.

Ba zan rubuta na jiya ba. Tsohon direban da Sufeto ya zauna wa, da furfurarsa, an sauke masa kaya kaf, kwali bayan kwali, ba a samu ko tsinke ba. Da abin da ya ɗaga murya ya faɗa a gaban Shugaban wajen aikinmu, wai ba yau ne farau ba, kullum kare ya zauna masa sai ya ba mai kare abin da ya nema, yau ne ba shi da shi. Ni ne riƙe da igiya. Kowa ya juyo ya dube ni.

Na ce ba zan rubuta ba, ga shi na rubuta.

Alhamis, da yamma

Kawun yara ya zo. Ƙanin matata ne, ni na kai shi aikin nan da hannuna, na tsaya masa, na koya masa riƙon igiya. Ni ke da Sufeto da safe, shi da yamma. Ranar Talata ce kaɗai muka yi musaya, ya ce yana da uzuri.

Ya shigo da wasansa na kullum. "Yaya, ashe haka zaman gida ke karɓar ka? Har ka fara tumbi." Na yi dariya, ita ce ta farko tun shekaranjiya. Muka ci abinci kwano ɗaya. Ya ce kada in sa komai a raina, yana bayana, duk wanda ya san ni ya san hannuna a wanke yake. Wallahi na ji sanyi.

Bai leƙa gareji ba. Wataƙila sauri yake yi.

Jumma'a, da safe

Ya dawo da abincinsa. Ba amai ba ne, bai yi kakari ba, ya sunkuya kawai abincin ya zubo yadda ya shiga. Haushinsa ma ya dushe.

Asabar, bayan la'asar

Na fita da shi ya miƙe ƙafa. Daga gida zuwa shagon mai faci lafiya lau, yana ja na. Daga nan takunsa ya fara gajarta, ƙafafun baya suna rawa, yana tafiya kamar mai taka ƙaya. Muna kaiwa turken wutar lantarki na kan kwana ya zauna.

Na tsaya kamar an dasa ni. Me ke cikin turken wuta?

Na san zaman Sufeto. In ya samu abu kunnuwansa a tsaye suke, wutsiya tana sharar ƙasa, yana kallona yana jiran lada. Wannan kansa a ƙasa yake, yana haki. Haka ya zauna ranar Talata, ina gani, amma hayaniya ta hana ni lura. Na tsuguna kusa da shi har ya huta. Ya miƙe garau kamar ba shi ba, muka yi rabin hanya, ya sake zubewa. Saɓa shi na yi a kafaɗa, mai faci yana cewa, "Oga, yau kai ne motar?"

Litinin, da rana

Asibitin dabbobi. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta sa na zaga da shi a tsakar asibitin har ya zauna. Ta riƙa taɓa gefen idonsa, yana ƙiftawa, yana ƙiftawa, har fatar idon ta gaji ta daina rufuwa. Sannan ta yi masa wata allura a jijiyar hannu, ta ce in saki igiya.

Kafin in gama sakin ta ya miƙe. Ya zaga ɗakin da gudu, ya ture kwandon shara, ya zo ya dafa ƙirjina. Hawaye suka zo mini, na juya baya. Ba a jima ba ƙarfin ya tafi, ya koma ya kwanta.

Na ce, "Likita, wannan wane irin abu ne?"

Ta ce ƙwaƙwalwarsa ƙalau, jijiyoyinsa ƙalau, tsokarsa ma ƙalau. Saƙon "tashi" yana fitowa daga kai ya bi jijiya har ya iso bakin tsoka. Amma jijiya ba ta manne da tsoka, akwai ɗan rata a tsakani. Sai bakin jijiyar ya feso wani sinadari, ya haye ratar, ya faɗa cikin wasu ƙananan makarɓa a jikin tsokar, sannan ta motsa. A jikin Sufeto, garkuwar jikinsa ce ta rikice take lalata makarɓan nan, kaɗan suka rage. In ya huta, sinadarin ya taru, saƙo yana wucewa. In ya daɗe yana aiki, sai a yi ta aike ba mai amsawa.

Na ce, "Wato yana son tashi, ƙafar ce ba ta ji."

Ta ce, "Haka ne. Kuma abin da ke lalata shi na gida ne, ba daga waje ya zo ba."

Ta ɗauki hoton ƙirjinsa. Hanyar abincinsa ma tsoka ce, ta saki, ta zama kamar tsohuwar safa. Ta ce nan ne haɗarin, in abinci ya dawo ya faɗa huhu, shi ke kashe su. Dole ya ci a tsaye, ya daɗe a tsaye bayan ya ci. Ta ba da magani, safe da yamma, wai yana hana sinadarin saurin gushewa daga ratar, don 'yan makarɓan da suka rage su samu su kama. Ta ɗebi jini za a aika. Ta ce da yawansu in an jure watanni, jikin yana daina faɗa da kansa.

Na fito ina jin kamar an sauke mini dutse. Ban lalata shi ba. Ciwo ne.

Laraba, da safe

Na ƙera masa kujera da katakon tsohon gado. Akwati ce mai tsayi, ya shiga da baya ya zauna a kan gindinsa, hannuwansa a kan allo kamar mai jiran a kawo masa shayi. Ina dunƙula abincin ƙanana, in tura maganin a cikin na farko.

Uwar yara ta tsaya daga bakin gareji, ba ta taɓa wuce nan. Ba ta son kare ya raɓe ta, shi ma na koya masa tun yana ƙarami, in ya gan ta ya ba ta hanya. Ta ce, "Ni da na haifa maka yara ko kujerar tsuguno ba ka taɓa ƙera mini ba." Na ce ta fara cin abinci a tsaye tukuna. Ta yi tsaki tana dariya.

Alhamis, da yamma

Ya ci, bai dawo da shi ba.

Asabar, da yamma

Yau har turken wuta, har gaba da shi, har muka dawo. Miyau ya ɗan yi masa yawa, Likita ta ce a rage maganin kaɗan.

Lahadi, bayan la'asar

Kawun yara ya zo, yau har gareji. Na zayyana masa duk abin da Likita ta ce, jijiya, rata, makarɓa, ina ta zuba kamar ni na karanta. Ya ce, "Shi ya sa in aka zaga da shi ta bayan ma'ajiya..." Sai ya juya maganar, ya ce kujerar ta yi kyau.

Ya ɗauko ƙwallo ya jefa, Sufeto ya bi da gudu ya cafke. Ya sake jefawa, ya fito da waya yana ɗauka. Ya ce, "Bari in nuna wa 'yan wajen aiki, kowa yana tambayar sa." Ni na ce ya matso ta inda haske ya fi. Ni da bakina.

Talata, da rana

Kwamiti ya kira, jibi. Sakamakon jini ya fito, ciwon ne. Na goge rigata.

Alhamis, bayan magariba

Ba zan iya ba yau.

Jumma'a, da hantsi

Jiya ke nan. Ɗaki mai dogon tebur, su uku, Shugaba a tsakiya. Na miƙa takardar Likita. Ya karanta, ya ajiye, ya juyo mini da fuskar waya. Sufeto yana tsalle a ƙofar garejina, ana jin muryata ina cewa a matso ta inda haske ya fi.

Ya ce, "Wannan ne gurgun?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, magani ne ya tashe shi."

Sai aka ce a shigo da shaida. Na ji takun takalmin kafin in ga mai shi. Takalmin da na saya masa ne ranar da ya fara aiki.

Bai dube ni ba. Ya ce abin yana yi masa nauyi, mijin yayarsa ne, amma gaskiya ɗaya ce. Ya ce ya daɗe yana lura ina da wata alama da nake yi wa kare da igiya, ɗan ja kaɗan, sai ya zauna. Ya ce a hannunsa Sufeto bai taɓa gajiya ba. Har muryarsa ta yi rawa a daidai inda ya kamata.

Ya shafa mini kashin kaji, ya fita yana share ido.

Shugaba ba mugu ba ne. Ya ce takarda ta ce akwai ciwo, hoto ya ce babu, shi kuma ido yake so ya gani. Ranar Talata in kawo kare a zaga fili da shi a gabansu. In ya zauna don kansa, igiya a sake, za su sake duba maganar daga tushe. In bai zauna ba, shi ke nan.

Yaya. Da bakin nan yake ce mini Yaya.

Asabar, da safe

Na nemo tsohon direban a inda suke ajiye motoci, yana wanke gilashi. Na ba shi haƙuri. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Ɗana, ai ba kai ba ne na da. Wancan siriri ne, mai yawan dariya. Sai ya fara zagawa da kare ta bayan ma'ajiya, ya zaga, ya zaga, sannan ya nufo motar da ya ga dama." Na ce ya zo ya faɗa wa kwamiti. Ya matse tsumma ya ce ya faɗa musu mai kare, sun rubuta mai kare, shi da tashar nan kuma har abada, gobe ma zai yi nisa.

Wato kawun yara ya sani. Ya riga ni sani, ya riga Likita. Ya ga kare yana faɗuwa, bai ce Yaya karenka ba lafiya ba. Ya mayar da ciwon sana'a. Ranar Talatar nan ma shi ya gajiyar da shi tun safe, ya miƙo mini igiya yana yi mini wasa.

Na faɗa wa uwar yara, duka. Tana ninke kaya, ba ta daina ba. Can ta ce, "In karen ya faɗi a gabansu, sai me?" Na ce sai su tambayi wanda ke zagawa da shi. Ta ninke riga ɗaya, ta warware, ta sake ninkewa. Ta ce, "Shi ke riƙe da Inna." Na ce ni kuma wa ke riƙe da ni? Ta jawo wata rigar.

Asabar, da yamma

Na kira Likita. Na ce in an tsayar da maganin kwana biyu fa? Ta ce zai faɗi, tabbas. Ta ce kuma hanyar abincin za ta ƙara saki, ko miyansa zai iya shiga huhu, kuma tsokar numfashi ma tsoka ce, in an gajiyar da shi ba ta san inda abin zai tsaya ba. Ta ce za ta zo ta yi musu bayani da bakinta. Na ce sun ce ido. Ta ce, "To ba da hannuna ba, Malam. Ka yi tunani."

Na yi tunani. Shekarun da na yi ina tsaye a rana ban taɓa karɓar ko ruwan sanyi a hannun direba ba. Yarana za su girma ana nuna su ana cewa 'ya'yan mai kare.

Ya shiga kujera da kansa, da baya, ya ɗora hannuwa. Na ba shi dunƙulen farko babu komai a ciki. Ya lashe mini yatsa.

Lahadi, da safe

Ya ji motsina ya yunƙura zai taso, ƙafafun baya suka ƙi. Wutsiya kawai ke bugun ƙasa. Ya yi tari sau ɗaya, wani irin tari mai ruwa.

Na sa maganin a aljihun tebur na rufe. Ba zan iya zama ina kallo ba. Na fita, ban san inda na je ba, na dai wuni a waje.

Litinin, da yamma

Ya ɗan fi jiya, har ya fito bakin gareji. Hutu ne, Likita ta ce hutu yana tara musu ƙarfi. Gobe zagaye ɗaya zai kwashe shi. Yau ma ban wuni a gida ba. Uwar yara ba ta yi mini magana, ni ma haka.

Allah ka sa ya faɗi da wuri. Dubi addu'ar da nake yi.

Talata, bayan la'asar

'Yan kwamiti suna tsaye a inuwar ofis, kawun yara ma yana can gefe. Sufeto ya hango shi ya kaɗa masa wutsiya. Wannan ta fi komai ƙona mini rai.

Na saki igiya ta yi lilo. Muka bi layin motoci, muka zaga ta bayan ma'ajiya, muka dawo. Shugaba ya ce a ƙara. Muka ƙara. Ina kallon ƙafafun baya, ina jiran rawar nan. Babu. Hancinsa a ƙasa, yana bin taya bayan taya kamar bai taɓa barin aiki ba. Muka ƙara, har ni na fara haki. Wani direba ya ɗaga murya, "Sufeto ya dawo!"

Bai zauna ba. Ko sau ɗaya.

Shugaba ya ce in ajiye katin shiga a wajen mai gadi. Ya faɗa a hankali, bai so ba. Na ajiye.

Abin da ba zan faɗa wa kowa ba: a zagayen ƙarshe, da na ga yana tafiya garau, daɗi na ji. Suna kashe mini suna, ni kuwa ina cewa a raina, haka, yarona, haka.

Talata, da magariba

Mun shigo gida tana tsakar gida tana kwashe shanya. Na cire masa igiya. Karen da na koya wa ba ta hanya tun yana kwikwiyo ya wuce ni, ya je gabanta ya tsaya yana kallon hannunta. Sannan ya ruga gareji, ya shiga kujera da baya, ya ɗora hannuwa a kan allo. Ba ni yake kallo ba. Ita yake jira.

Na je na jawo aljihun tebur, maganin ya ragu. Na mayar na rufe.

Ta biyo ni har cikin gareji, yau ta wuce bakin ƙofa. Ta ce, "Ranar Lahadi da ka fita ya yi ta tari, yana jan jiki zai zo inda nake. Ba zan iya ba, Baban yara. Na sa leda a hannu na ɗaga shi." Ta ce tun daga nan safe da yamma, in na juya baya. Ta ce ta tsaya da shi har abincin ya sauka, yadda ta ga ina yi.

Na dube ta. Idonta ya yi ja. Matar da ba ta taɓa yarda inuwarsa ta taɓa ta ba.

Don kare ta yi, ko don ƙaninta? Tambayar ta zo har bakina. In ta ce don kare, ban san ko zan yarda ba. In ta ce ɗayar, ban san inda zan kwana ba.

Sufeto ya buga allo da hannu, yunwa yake ji. Na dunƙula na farko, na ce ta miƙo maganin.

Laraba, da safe

Na tashi na goge takalmi. Na ɗauki igiya, ba wanda ya ce ina zuwa kuma. Muka je har turken wuta muka wuce.

Ban tambaye ta ba. Ya ci, bai dawo da shi ba.